FILIN MATA: Sarkin Ƙofa Mai Ɗankwali

Makon jiya na yi muku alkawari yau za mu yi magana a kan yadda a ke shanya tumatir da tattasai a adana kafin su yi tsada. To, ku gafarce ni, alkawarin nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wata magana ce ta taso, ita kuwa irin wadda a ke ci da zafinta ce, in ta kwana biyu sai ta huce.

Ran Asabar da ta wuce na je suna a wani gida a Ƙofar Sauri. Bayan an ci an sha, jama'a ta ragu, saura mu 'yan zaman hira, sai na ji gardama ta kaure a ɗakin uwargida. Ashe ita da ɗiyarta ne. Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare, lokacin cika takardar jarrabawar shiga jami'a ya matso. Aka tambaye ta abin da za ta karanta, ta ce ita tsaron kwamfuta ta ke so. Uwar ta riƙe baki, ta ce, "Tsaro? Watau gadi ke nan. Shekara da shekaru ina murza ƙuli-ƙuli ina saya miki littafi, ashe maigadi na ke reno! In ba za ki yi aikin asibiti ba, ai sai ki yi malanta kamar kowace ɗiyar mutunci." Ɗaki ya ɗauki dariya. Yarinya ta sunkuyar da kai, ba ta ce kanzil ba.

Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye muku ba. Mace ɗaya ce ba ta yi ba, wata dattijuwa uwar adashe da ke zaune kusa da ƙofa. Da dariya ta lafa sai ta ce, "Da akwai irin maigadin nan a gidana watan jiya, da ban sayar da akuyata da 'yan kunnena ba."

Ga yadda ta ba mu labari. Tana tsakiyar girki waya ta yi ƙara. Wani ne, murya ta natsuwa, Hausa ras. Ya yi sallama, ya kira cikakken sunanta, ya faɗi sunan bankin da ta ke ajiya. Ya ce daga bankin ya ke, wai lambarta ta BVN ba ta dace da ta katin ɗan ƙasa ba, in ba a gyara ba kafin ƙarfe huɗu za a rufe asusun. Ya ce ba sai ta sha rana ta zo ba, ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta na cirar kuɗi, shi zai gyara. Ta karanto. Ya ce, "Madalla, Hajiya. Yanzu wata lamba za ta shigo miki ta saƙo, ita ma karanto mini." Ta karanto. Ya yi mata godiya har da addu'a. Kafin ta sauke tukunya saƙo ya shigo: an cire naira 140,000, kuɗin adashen mata 14. Da ta je banki da kuka, aka ce ai ita ta miƙa mabuɗi da hannunta.

Uwargida ta ce, "Kun ji ko? Abin da na ke gudu ke nan. Duk mai taɓe-taɓen kwamfutan nan ƙarshensa ɗan damfara." Na ce, "A'a, Hajiya. In ɓarayi sun yi yawa a gari, mai ƙera kwaɗo a ke nema, ba korarsa a ke yi ba."

Na faɗi haka ne kawai don in rufa wa yarinya baya, gama ni kaina ban san ainihin abin da masu aikin nan su ke yi ba. Allah da ikonsa, ina da ɗiyar ƙanena wadda aikinta ke nan a wata ma'aikata a Abuja, ta kuwa zo hutu gida. Shekara biyar tana yi, ban taɓa tambayarta ba, in an ce me ta ke yi sai in ce "aikin kwamfuta," in wuce. Kashegari na aika aka kira ta, na ce ta zauna ta yi mini bayani yadda tsohuwa za ta gane.

Ta yi murmushi, ta ce, "Gwaggo, jiya ina kuka je suna?" Na ce Ƙofar Sauri. Ta ce, "To, me ya sa a ke kiran unguwar ƙofa?"

Kun dai sani, Katsina birni ne mai ganuwa. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, da ya zo a 1851, ya kiyasta kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14. A dā wanda zai shiga birni tilas ya bi ta ƙofa: Ƙofar Ƙaura, ko Ƙwaya, ko 'Yanɗaka, ko Guga, ko Sauri, ko Durɓi, ko Marusa. Kowace da mai tsaronta, Sarkin Ƙofa. Shi ya san fataken da suka saba shigowa, shi zai tsai da baƙon ido ya tambaye shi daga ina, wurin wa, me ke cikin mangala. In dare ya yi a rufe, wanda ya makara ya kwana waje. A kan ba da labari kuma har daga kan hasumiyar Gobarau a kan hangi ƙurar abokan gaba tun suna nesa.

Ta ce, "To, Gwaggo, aikina ke nan, sai dai birnina ba a ganinsa da ido." A babbar ma'aikata, kamar banki ko asibiti ko jami'a, kwamfutoci ɗaruruwa ne a haɗe da juna, waɗansu ta waya, waɗansu ta iska, suna aika wa juna saƙo dare da rana. Wannan shi ne birnin. Sa'an nan suna da hanyar fita zuwa intanet, watau babban titin da ya haɗa kwamfutocin duniya duka, inda mutumin kirki da ɓarawo su ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Tsakanin birnin da titin akwai wata na'ura da ke aikin ganuwa. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta cikinta, ita kuwa ba ta da wayon kanta, dokar da aka rubuta mata kawai ta ke bi: wannan ya wuce, wancan a mai da shi. Mai rubuta dokar nan, mai duba ko tana aiki, shi ne ma'aikacin tsaron sadarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe su ma ƙofofi su ke da su, masu lamba. Katsina ƙofa bakwai muka lissafa. Kowace kwamfuta kuwa, in ji ta, tana da lambobin ƙofa sama da 65,000. Wasiƙa da tata ƙofar, shafin intanet da tasa, kowane irin aiki da inda ya ke bi. Farkon abin da a ke koya wa ɗalibi shi ne, duk ƙofar da ba a aiki da ita a toshe ta. Ɓarayin, waɗanda a ke kira masu kutse, ba sa zuwa da kansu su ƙwanƙwasa. Na'ura su ke sakawa tana zagaya duniya tana taɓa ƙofa bayan ƙofa, ko za ta dace da wadda aka manta a buɗe. Ba ruwanta da ko kai wane ne, kamar kura ce mai bin garke da dare.

Na ce to, da safe in kin je ofis me ki ke fara yi? Ta ce karatu. Ashe duk wanda ya shiga ko ya yi yunƙurin shiga, na'ura tana rubutawa: wane ne, daga ina, ƙarfe nawa. Rubutun nan layi dubbai ne a kwana ɗaya, akwai manhajar da ke tace shi ta ware abin da ya yi kama da ɓarna, amma hukunci na mutum ne. Ta ba ni misali. Wani ma'aikaci da kullum ya ke shiga daga teburinsa tsakanin takwas da biyar, sai ga sunansa ya shiga ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba. Na'ura ta ga suna daidai, kalmar sirri daidai, ta buɗe. Ita kuwa da ta gani ta san an sace masa mabuɗi ne. Ta rufe sunan nan da nan, ta bi sawu ta ga ɗakunan da aka leƙa, sa'an nan aka tashe shi daga barci aka tambaye shi. Ashe wata wasiƙa ya buɗe da rana, mai kama da ta ofis, ya rubuta kalmar sirrinsa a ciki.

Na ce, "Af! Ai shi da uwar adashenmu jirgi ɗaya ya ɗauko su." Ta ce, "Sak, Gwaggo. Shi da digirinsa biyu." A nan ne ta faɗi maganar da na fi riƙewa. Ta ce ganuwa ba kasafai a ke haura ta ba, ya fi sauƙi a yaudari na ciki ya buɗe da kansa. Saboda haka rabin aikinta ba da na'ura ba ne, da mutane ne. Lokaci lokaci, da iznin shugabanni, ita da kanta ta kan shirya wasiƙar ƙarya ta aika wa ma'aikata, ta ga wa zai faɗa. Wanda ya faɗa ba a tona masa asiri, a kan kira shi gefe a koya masa. Ta kan bi ta ga an karɓe mabuɗin duk wanda ya bar aiki, gama sau da yawa mutum ya tafi shekara guda amma sunansa na nan yana buɗe ƙofa. Ta kan tabbata an kwafi muhimman bayanai an ajiye wani wuri dabam, kamar yadda mai hankali ba ta zuba hatsinta duka a rumbu ɗaya. Sai kuma yaɓe. Kamfanonin da ke yin manhaja, in sun gano tsaga a cikinta, su kan aiko da gyara. Aikin mai tsaro ne ya ga an sa gyaran nan a kowace kwamfuta ba da jinkiri ba, kamar yaɓen katanga kafin damina.

A kan yaɓen nan ta ba ni wani labari, na kuwa bincika na tarar haka ya ke. Ran Jumma'a 12 ga Mayu 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna WannaCry ta ɓarke a duniya. In ta shiga kwamfuta sai ta kulle duk abin da ke ciki, ta ce sai an biya fansa, kamar dai masu garkuwa da mutane. Ta ƙofa mai lamba 445 ta ke bi, daga wannan kwamfuta ta tsallaka waccan ba da kowa ya taɓa komi ba. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila asibitocin gwamnati suka rikice, aka soke ganin likita dubbai, aka riƙa juyar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa waɗansu asibitoci. Abin haushi, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tsagar tun watan Maris. Wata biyu cur, ba a yaɓe ba.

Wanda ya tsai da ita ba janar ba ne, ba minista ba. Wani saurayi ne ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, yana zaune a ɗakinsa a gidan iyayensa a wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila. Ya samo manhajar ya riƙa tona cikinta, sai ya lura kafin ta yi ɓarna ta kan nemi wani adireshi na intanet wanda ba mai shi. Ya sayi adireshin da abin da bai kai dala 11 ba. Ashe an gina ta ne in ta sami amsa daga can ta tsaya. Shi ke nan, wutar ta lafa.

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi, amma tilas in ba ku sauran, domin shi ne hujjar uwargidan Ƙofar Sauri. Wata uku bayan haka, a Agusta 2017, aka kama saurayin nan a Amurka. Ashe tun yana ƙarami ya taɓa rubuta wata manhaja ta satar bayanan masu ajiya a banki, aka sayar wa ɓarayi. A 2019 ya amsa laifinsa. Alƙali ya duba ya ga ya riga ya tuba ya koma aikin tsaro tun kafin a kama shi, bai mai da shi kurkuku ba. Kun ga ilmin ɗaya ne, mai ƙera kwaɗo ya san yadda a ke ɓalle shi. Don haka tsoron da uwa ta ke ji ba wauta ba ne. Sai dai maganinsa ba hana karatu ba ne, tarbiyya ce, da sanin doka. A ƙasar nan akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta kuwa ce shiga kwamfutar wani ba da izni ba laifi ne. Ɗiyar tawa ta ce akwai ma waɗanda sana'arsu ke nan, a ɗauke su haya su gwada fasa ganuwar ma'aikata don a ga inda ta ke da rauni, amma ba mai taɓa komi sai da takardar izni a hannu, da sa hannun mai wuri.

Na tambaye ta yadda aka yi ta faɗa wannan hanya, alhali a gidanmu ba wanda ya gada. Ta ce, "Gwaggo, kun manta rediyon Baba da na kwance?" Ina fa zan manta, har da bulala a ranar. Tun tana ƙarama yarinyar nan ba ta ganin abu a rufe ta ƙyale. Ita ce mai dara da yayyenta maza, ita ce mai kacici-kacici, in ana kitso sai ta tsaya tana lissafin yadda aka raba layi. Kimiyyar kwamfuta ta karanta a jami'a, ta fara aiki tana ja wa ofisoshi waya tana haɗa na'urori, har da hawa tsani da hijabinta. Daga nan ta yi jarrabawar kamfanin Cisco ta masu haɗa sadarwa, ta ƙara da ta tsaro. Har yau tana da wani littafi mai baƙin bango, duk matsalar da ta warware sai ta rubuta yadda ta yi, da kuskuren da ta tafka kafin ta gane. Ta ce littafi na huɗu ke nan. In ta zo hutu ta kan tara 'yan matan gidan a tsakar gida ta gyara musu wayoyinsu tana yi musu faɗa. Abin da ta ke so bayan wannan kuwa, ku ji, saƙar hula da kiwon zabi.

Ba zan yi muku zaƙin baki ba, aikin yana da ɗaci. Ɓarawo ba ya hutun Salla, hasali ma ranar hutu ya fi so. A Fabrairu 2016 da aka sace dala miliyan 81 na Babban Bankin Bangaladash, daren Alhamis ɓarayin suka zaɓa, don sun san Jumma'a ba aiki a ƙasar. Sun so kwashe kusan dala biliyan ɗaya ne. Wani kaso na kuɗin ma kuskuren harafi a sunan wanda za a tura wa ne ya sa wani ma'aikacin banki ya tsaya tambaya, aka tare shi. Saboda haka mai wannan aiki tana da kwanan aiki kamar ungozoma, waya na iya tashe ta tsakar dare. In komi na tafiya lafiya ba mai tunawa da ita, ran da aka yi ɓarna kuwa sunanta za a fara kira. Karatun ba ya ƙarewa, abin da ta koya bana baɗi ya tsufa. Ga kwamfuta da tsada, ga wuta da sai ta ga dama. Wadda ke son aikin da za ta koya sau ɗaya ta huta, to, ta nemi wani.

Amma akwai wani alheri da ya kamata iyaye da mazaje su duba. Yawancin aikin nan a zaune a ke yinsa, gaban allo, wani ma daga gida. Ba ɗaukar kaya, ba yawon kasuwa. Ɗiyar tawa ta ce tana da abokiyar aiki mai goyo, kwana biyu a mako daga ɗakinta ta ke tsaron ƙofar ma'aikata, yaro na barci a gefe. Ni dai ban ga abin da ya hana ɗiyar Musulmi wannan ba.

Masu cewa ba aikin mata ba ne, ko ba aikin mutanenmu ba ne, su saurara. A Yaƙin Duniya na Biyu, a wani gida a Ingila da a ke kira Bletchley Park inda aka riƙa warware saƙonnin asirin Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan mata ne. A nan gida, Hajiya Rakiya Mohammed ta riƙe shugabancin tsaron bayanai a Babban Bankin Nijeriya, daga baya ta zama darektar sashen fasahar sadarwa, ita ke kan kujerar lokacin da aka ƙaddamar da eNaira a Oktoba 2021. Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja, daga aikin haɗa sadarwar kwamfuta ya taso har aka naɗa shi shugaban hukumar NITDA a 2019. Ilmin ɓoye saƙo da tona shi kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan tsaron nan, malamin Bagadaza Alkindi ya yi rubutu a kansa tun ƙarni na 9. Mu Katsinawa ma ba baƙin lissafi ba ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya wallafa littafi a kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

To, 'yan makaranta, ku matso. Wadda ta ji zuciyarta ta karkata, ta kama Lissafi da Turanci da Fizis da hannu biyu, domin ba za a ɗauke ta ba sai ta ci su da kyau a jarrabawar fita sakandare, su ne kuma za ta sake tararwa a JAMB. Kada ta ce sai ta tafi nesa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam a nan Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, duk suna koyar da kimiyyar kwamfuta, daga ita kuwa a ke gangarawa tsaro. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe sukutum na tsaron intanet. Akwai kuma wata baiwar Allah, Confidence Staveley, wadda gidauniyarta ta fara wani shiri mai suna CyberGirls a 2021, na koya wa 'yan mata wannan sana'a kyauta. Gwamnatin Tarayya ma ta buɗe shirin 3MTT a 2023, tsaron intanet na cikin darussansa. Ku sa malamin kwamfuta na makarantarku ya bincika muku lokacin da a ke ɗauka. Shawarar ɗiyata ɗaya ce: kada yarinya ta yi ɗokin koyon fasa ƙofa tun ba ta san yadda a ke gina ɗaki ba. Ta fara sanin yadda saƙo ke tashi daga wannan na'ura ya isa waccan, sauran zai zo.

Mu kuma da karatu ya wuce mu, kada mu ce ba ruwanmu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wace ce a cikinmu ba ta koma karɓar kuɗin awara da na ɗinki ta waya ba? Asusun da a dā ke ƙarƙashin gado yanzu yana cikin wayar da ke ɗaure a bakin zane, kowace mace kuwa ita ce Sarkin Ƙofar nata. Na tambayi ɗiyata abin da zan faɗa muku, ta ce in faɗi wannan ko da shi kaɗai: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, ko lambobin jikin kati, ko lambar nan da ke shigowa ta saƙo. Ba ya yi, ko kusa. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakarki. Sanin sunanki ba shaida ba ne, gama suna da lambar waya muna barinsu a takardu barkatai. In ya ce "yanzu-yanzu" ko "kafin ƙarfe huɗu," to, ya ƙara tona kansa, don gaggawa ita ce sandarsa. Ki kashe waya, ki sa mayafi ki tafi bankin da ƙafarki.

Da ta karɓi wayata ta duba kuwa, sai da na ji kunya. Lambar sirrina shekarar haihuwar ɗan farina ce, wadda duk dangi sun sani. Ta ce waɗansu ma a bayan katin su ke rubutawa, ko su ba yaro kati su faɗa masa lamba ya je wurin mai POS ya karanto da ƙarfi a bainar jama'a. Ta canza mini, ta sa wa wayar makulli, ta sa wa layin kansa lamba, domin wanda ya tsinci waya layin ya ke cirewa ya nemi asusu da shi. In waya ta ɓata, in ji ta, kafin a zauna jaje a fara sanar da banki da kamfanin layi su rufe. Ta kuma ja mini kunne a kan WhatsApp. Wata za ta kira ki ta ce daga ƙungiyar Islamiyya ko ta bikin wance, an turo miki lamba shida ta shiga taro, ki karanto. Kina karantowa an ƙwace miki shafin, sai a bi 'yan'uwanki ɗaya ɗaya da sunanki ana roƙon rance. A cikin saitinsa akwai wurin sa lamba ta biyu da ke hana haka, ku sa 'ya'yanku su nuna muku yau, ba gobe ba.

Ran Talata na koma Ƙofar Sauri, na tafi da ɗiyar tawa. Na bar su da uwargida a ɗaki, ni na zauna waje ina taya yarinyar tsince shinkafa, kunnenta duk yana ɗaki. Sun fi sa'a guda. Da suka fito na ga wayar uwargida a hannun ɗiyata, ashe ita ma sai da aka canza mata lamba. Ta rako mu har zaure, ta ce, "Ni dai har yanzu asibitin na fi so. Amma bari Malam ya dawo daga kasuwa, ku zo ku maimaita masa zancen ƙofofin nan da bakinku." Mun sa ranar Jumma'a bayan la'asar. Uwar adashe ma ta aiko a gaya mini za ta zo da matanta 14, kowace da wayarta.

Wadda ke da tambaya a kan wannan ta rubuto wa Filin Mata, zan tara in kai wa mai sani kafin hutunta ya ƙare. Mako mai zuwa ku tanadi tabarma mai tsabta da wuƙa mai kaifi, tumatir za mu yanka.